Birkin Saja

Kimba bakaniken manyan motoci ne a Zongon Lomé. Garejinsa wata rumfar kwano ce a bayan layin mahauta, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ruwan sama ba ya ratsa ta. Shekarunsa sittin da ɗaya, yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma bai taɓa aure ba. Duk wanda ya daɗe a unguwar ya san abin da ya same shi, ko da yake ba a tayar da maganar a gabansa.

Shekara talatin da uku da suka wuce, Kimba yana bin motar wani ɗan kasuwa mai suna Sabiru, wanda iyayensa suka zo daga Najeriya. Sabiru ne ke tuƙi, Kimba ke gyara. Motar tsohuwar ta soja ce da aka sayo a gwanjo, mai ƙafa shida, suna kiranta Saja. Wata rana suna saukowa daga arewa da albasa, birki ya ƙi kamawa a gangaren dutse tsakanin Kara da Sokodé. Saja ta faɗa cikin 'yar kasuwar bakin hanya, ta kashe mutum bakwai. Da Kimba ya farfaɗo a asibiti da karyayyar gwiwa, Sabiru yana zaune a bakin gadonsa, ya ce masa bututun iskar da shi Kimba ya yi wa walda da safiyar ranar shi ne ya fashe. Haka Sabiru ya faɗa wa jandarmomi, haka shi ma Kimba ya amsa a gaban alƙali. Ya yi shekara huɗu a kaso. Uwarsa ta rasu a Dosso yana ciki, yarinyar da zai aura kuma ta yi wani auren.

Ranar da ya fito, Sabiru ne ya je ya ɗauko shi. A gaban dattawan masallaci ya ce ya yafe masa asarar motar, ya kuma ba shi filin da garejin yake kai. Daga baya Sabiru ya zama Alhaji Sabiru mai tireloli, ya koma unguwar Totsi ya gina gidan sama. Duk Sallah sai Kimba ya je ya durƙusa ya gaishe shi.

Wata Talata da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke wata mata a bakin garejin. Muhsinat ce, autar Alhaji Sabiru, wadda ke aiki a ofishin fito da kaya a tashar jirgin ruwa. Ta ɗage zanenta ta tsallake kwatami, ta rusuna.

"Kawu Kimba, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Yaya jikin Alhaji?"

"Jiki na nan yadda ka sani. Kan ne ke ƙara tafiya. Jiya bai gane ni ba, ya ɗauka mai kawo cukun wagashi ce." Ta gyara mayafinta. "Kawu, wata uku ke nan ba abin da yake tambaya sai Saja. An ba ta ruwa? An rufe ta da tamfol? Tirelolinsa duk ya manta da su, sai ita."

Kimba ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

Muhsinat ta ce wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa a unguwar Cacavéli, sunansa Tchakoura, ya kwaso matattun motoci daga arewa, a ciki akwai wata ta soja. Wani tsohon direba ya gan ta ya ce kamar Saja. So take a duba, in ita ce a tayar da ita, a yi mata fenti, a kai ta ƙofar gida mahaifinta ya gan ta kafin Allah ya yi ikonsa.

"Pardon, Kawu, na san abin da nake roƙo," ta ce. "Amma ba wanda ya rage da zai gane ta sai kai. Kuma Papa kullum yana cewa kuskure ne, ya wuce."

Kimba ya daɗe yana goge hannu da tsumma, alhali hannun ya riga ya bushe. 'Yar Alhaji ce ta zo da kanta har garejin da Alhaji ya ba shi. Ya shiga ɗaki ya haɗa buroshin ƙarfe, samfefa, tocila, sifanu da famfon iska na ƙafa a cikin buhu, ya ce su tafi.

Filin Tchakoura yana ƙarshen wani lungu mai jar laka. Tchakoura kansa ɗan ƙabilar Kotokoli ne, gajere mai faɗin ƙirji, Hausarsa ta tashar mota. Ya bi da su tsakanin tulin ƙofofi da injuna har bayan fili, yana magana ba tsayawa.

"Patron, wannan ba ƙaramar mota ba ce. Wani yovo, Bature, ya zo ya ga hotonta ya ce ta Amurka ce, ta babban yaƙin duniya. Ta yi yaƙi da Jamus."

Motar tana zaune a kan itatuwa, tayoyi biyu sun ɓace, sauran sun tsage. Ba gilashi, ba rufi. Ciyawar da ta fito a bodinta tun daga arewa ta bushe a tsaye. Gabanta na hagu ya lotsa ciki.

Kimba bai kalli wajen lotsawar ba. Ya zagaya ta dama, ya ɗaga murfin inji da taimakon Tchakoura, ya ƙirga.

"Silinda biyar," ya ce. "Yovon naka bai san mota ba. Wannan Berliet ce, ƙirar Faransa, ta wajen shekarun sittin. An ƙera ta bayan yaƙin da kake faɗa ya ƙare da daɗewa. Duba rubutun jikin agogon, da Faransanci yake. Injin nan kusan duk man da ka zuba masa zai sha, don haka soja suka so ta."

"To ita ce?" Muhsinat ta tambaya.

"Irinta ce. Irinta da yawa aka yi gwanjonsu a lokacin. Na san huɗu da suka bi hanyar Cinkassé, can iyakar arewa."

Ya nemi ɗan farantin ƙarfen da ake mannawa a cikin kan mota, mai ɗauke da lamba da shekara. Babu shi, sai ramuka huɗu inda aka ɓamɓare. Ya sa samfefa a jikin ƙofar direba ya fara gogewa a hankali. Tsatsa ta zube, shuɗin fenti ya bayyana. A ƙarƙashin shuɗin akwai koren soja. Ya ƙara matsawa gefe, sai ga wutsiyar wani harafi da ruwan ɗorawa, amma sauran ya ci.

Muhsinat ta matso da wayarta tana ɗaukar hoto. "S ce, Kawu. Wallahi S ce."

"Kowa na iya rubuta S. Bari mu ga ƙashin bayanta."

Ya shimfiɗa buhu a laka, ya kwanta ta wajen ƙafar gaba ta dama, ya shiga kankare shasi da buroshi. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen ba ta ɓamɓaruwa kamar faranti. Ya yi kusan rabin awa, tsatsa na zuba masa a fuska, yana tofarwa. Daga ƙarshe ya shafa baƙin mai a wurin ya haska tocila. Ba sai ya duba takarda ba. Shekara biyar yana karanta wannan lambar wa 'yan duwan, wato kwastan, a kowane shinge, don Sabiru ba ya son saukowa daga mota.

"Ita ce," ya faɗa daga ƙarƙashi.

Muhsinat ta ce alhamdu lillahi har sau uku. Tchakoura ya tafa hannu. Ya ce ai shi ya sani, don a filin da ake ajiye motocin haɗari ya same ta, mai gadin wurin ma ya ce tun yana saurayi take nan, ba wanda ya taɓa zuwa nemanta, ba wanda ya taɓa sa mata sifana.

Kimba ya fito ya zauna a kan wata taya ya huta. Sa'annan ya ci gaba da aikin da aka kawo shi yi. Ya sa ƙarfe a gaban inji ya danna, injin ya ƙi juyawa, amma da ya zare sandar gwada mai, man baƙi ne ba ruwa a ciki. Ya ce wannan in an jiƙa shi da kananzir sati biyu zai iya sakin jiki. Lagireto ya mutu. Giya tana shiga uku daga ciki. Ya miƙa zare daga gaban shasi zuwa baya, zaren ya nuna ƙarfen hagu ya kauce da faɗin yatsu uku. Yana faɗa, Muhsinat na rubutawa a waya. Ya hau ciki ya girgiza sitiyari. A gefen da yake zama a da, ƙarfen gaban kujera ya lotsa daidai faɗin gwiwa. Ya sauko.

Birki ya bari ƙarshe. Har ya fara mayar da kaya cikin buhu, sai Muhsinat ta duba abin da ta rubuta ta ce, "Saura fren, Kawu." Ta faɗa ne kafin ta tuna, sai ta kama bakinta.

"Saura shi," in ji Kimba.

Ya sake kwanciya, ya ja jiki zuwa tsakiyar motar inda tankin iska yake. Tankin ya huje ta ƙasa, tsatsa ta cinye shi. Daga bakinsa bututun jan ƙarfe ya fita ya bi jikin shasi. Shekara talatin da uku Kimba yana ganin bututun nan a ransa, a tsage, bakinsa a buɗe. Ya kai hannu ya share laka da gidan zanzaro.

Bututun lafiyarsa lau. Waldar tana nan kewaye da shi kamar zobe, ta yi kore-kore, da ɗan tudun da ya bari a ƙasa don sandar waldar ta kusa ƙare masa a ranar.

Ya ɗauka idonsa ne. Ya goge da samfefa har tagullar ta yi haske, ya bi ta da farce. Ya ce wa Tchakoura ya kawo ruwan sabulu. Ya kwance bututun daga tanki, ya haɗa shi da famfo, ya sa Tchakoura ya yi ta takawa, shi kuma yana shafa kumfa a kan waldar. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta tashi ba.

"Patron, in ci gaba?"

"Ci gaba."

Ya ɗaure fedar birki a danne da igiya ya saurara. Ta gaba, iska na huci daga tsofaffin robobi da suka ruɓe. Ta baya, inda ƙafafu huɗu suke, shiru. Robobin baya sun fi na gaba ruɓewa, ya kamata su fi huci. Ya bi bututun da ke zuwa baya da hannu, taƙi bayan taƙi, har ya kai wata mahaɗa da laka ta daskare a kanta kamar dutse. Ya fasa lakar, ya zuba mai, ya sa sifana biyu. Sai da ya taka ɗaya da ƙafarsa mai lafiya notin ya yi ƙara ya saki.

A cikin mahaɗar akwai abin da ya toshe hanya. Ya sa tsinken ƙarfe ya zaƙulo shi, ya faɗo masa a ƙirji. Kwabon dala ne, an daddake gefensa don ya shiga, an sa masa guntun robar taya a baya.

Kimba ya san wannan dabarar. Direbobin da ba su son tsayawa suna yin ta. In birkin baya na zubar da iska, sai a toshe hanyarsa gaba ɗaya, agogo ya nuna iska ta cika, mota ta tafi da birkin gaba kaɗai. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba mai ganewa. A gangare, da tan goma na albasa, birkin gaba zai yi zafi ya daina kamawa tun ba a kai rabi ba.

Safiyar ta dawo masa daki-daki. Ya gama walda a tashar Kara, amma yana jin wani siririn huci ta baya. Ya ce wa Sabiru roba ce ta tsage, sai an aiko da wata daga Lomé, kwana biyu. Sabiru ya kalli buhunan albasa da suka fara tsiyaya, ya ce masa ya je ya ci abinci tukuna. Da ya dawo daga wajen mai koko, hucin ya ɗauke, Sabiru na wanke hannu da kananzir. Ya ce noti ne kawai ya saki, ya ɗaure. Kimba ya duba agogo ya ga allura a sama, ya hau mota.

"Kawu?" Muhsinat ta durƙusa tana leƙensa. "Kawu, lafiya? Ko jiri ne?"

Ya fito a hankali. Laka ta ɓata masa baya har wuya. Ya buɗe tafin hannu ya nuna mata, ya kuma bayyana mata abin da kwabon ke yi a wurin, da murya ɗaya da wadda ya bayyana mata lagireto. Tchakoura ya cire hula ya koma gefe.

"Mais... wa ya sa shi?" ta ce.

"Mu biyu ne a motar. Ni ban sa ba."

"Ƙila bayan haɗarin wani ya..."

"Wa zai toshe birkin motar da ba za ta ƙara tafiya ba, 'yata?"

Ta tsaya tana kallon kwabon. Ta ce ba ta yarda ba, sa'annan ta ce ba cewa take yana ƙarya ba. Ta ce mahaifinta ya gina masallaci, ya kai mutum goma sha ɗaya Makka. Kimba ya ce haka ne, shi ma da hannunsa ya ɗauki bulo a ginin masallacin. Ya ce ta kai shi wurin Alhaji.

Sun isa Totsi bayan la'asar. Alhaji Sabiru yana kan keken marasa lafiya a baranda, an rufa masa bargo a ƙafa duk da zafin da ake yi. Gefen fuskarsa ɗaya ya saki. Kimba ya tsaya a gabansa. Wannan ne karo na farko da ya shigo gidan bai durƙusa ba.

"Alhaji, Kimba ne."

Tsohon ya ɗago ya dube shi da fara'a irin ta wanda ake yi wa baƙon kirki. "Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?"

"Daga wurin Saja."

Idon Alhaji ya kawo haske. "An ba ta ruwa? Tana shan ruwa da yawa a hawa."

Kimba ya kama hannunsa mai motsi, ya buɗe shi, ya ajiye kwabon a ciki. Alhaji ya kawo shi kusa da ido, ya juya shi, ya shafa dakakken gefen da babban yatsa. Sai ya dunƙule hannu da sauri ya waiga hagu da dama, ya yafito Kimba ya matso.

"A ina ka samo? Mayar da shi," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Sokodé kawai nake so ta kai mu. Da mun sauka dutsen nan shi ke nan, a can akwai roba." Ya riƙe hannun rigar Kimba. "Kada ka gaya wa Kimba. Yaron nan taurin kai gare shi, in ya ji ba zai hau ba."

Muhsinat tana tsaye a bayan keken. Ta sa gefen mayafi ta toshe baki.

"Alhaji, ni ne Kimba," ya ce. "Dube ni. Shekara huɗu na yi. Inna ta mutu tana cewa ɗanta ya kashe mutane."

Alhaji ya dube shi da kyau, kamar mai ƙoƙarin taimako. "Allah sarki. Allah ya ji ƙanta. 'Yar ina ce?"

Kimba ya ɗago. A hanya ya tanadi maganganu da yawa, har da sunayen mutum bakwai ɗin da magatakardan kotu ya karanta, waɗanda yake maimaitawa bayan kowace sallar asuba. Ba wanda zai faɗa wa su. Mutumin da ke kan keken ya riga ya koma kallon ƙadangare a jikin katanga, hannunsa a dunƙule. Kimba ya zare rigarsa daga riƙon ya fita.

Muhsinat ta cim masa a bakin ƙofar gida. Idonta ya yi ja, amma ba ta kuka.

"Kawu, me zan yi?"

"Kin kawo ni in duba mota, na duba. Saja ce. Injin zai tashi. Shasi sai an gasa an miƙar, kuma ko an miƙar ba za ta ƙara ɗaukar kaya ba. In don a tsayar da ita a ƙofar gida ne da sabon fenti, wata huɗu ya isa. Ki nemi wani ya yi. Akwai wani Lukuman a Agoè, hannunsa na da kyau."

"Ba maganar mota nake ba. Zan faɗa wa yayyena. Zan je wurin liman. A san gaskiya."

"Ki yi abin da kika ga dama, 'yata. Ba ke kika sa shi ba."

Ya ƙi zemijan ɗin da ta tsayar masa, ya kama hanya da ƙafa, yana ɗingishi, buhun kayan aiki a kafaɗa.

Ta faɗa wa yayyenta kamar yadda ta ce. Suka ce maganar mai larurar ƙwaƙwalwa ba shaida ba ce, suka ce kuma ta ji tsoron Allah, uba na kwance tana tona masa asiri. Kwabon ma ba a ƙara ganinsa ba. Mai jinyar Alhaji ta ce ƙila ya faɗa bayan gado, an share. Liman ya saurare ta har ƙarshe, ya ce abu ne mai nauyi, a ba shi lokaci. Maganar dai ta fita ta bakin Tchakoura, ta zagaya tashar mota. Wasu direbobi suka fara tsayawa a garejin suna gaishe da Kimba da hannu biyu. Wasu suka ce tsufa ne da baƙin ciki, mutum ya ci arzikin Alhaji shekara talatin, sai da ya ga Alhajin ya kasa kare kansa.

Ba a gyara Saja ba. Muhsinat ba ta koma Cacavéli ba, Tchakoura ya jira sati uku, sa'annan ya sa wa motar wutar gas ya yayyanka ta. Injin wani mai niƙan masara ya ɗauka.

Alhaji Sabiru ya rasu kafin Babbar Sallah. Zongo ta cika maƙil, tireloli suka yi layi tun daga bakin titi. Kimba ya tsaya a sahu na huɗu. Kafin a tayar da salla, liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa, don Allah ya yafe masa. Yana faɗa idonsa na yawo cikin sahu, har ya tsaya a kan Kimba. Jama'a suka amsa gaba ɗaya, mun yafe. Kimba ya ji mutumin da ke damansa ya ɗan taɓa shi da gwiwar hannu. Ya so ya faɗa. Ya motsa leɓe, abin bai fito ba, har liman ya juya ya yi kabbara. Ya bi sallar, amma bai bi gawar maƙabarta ba.

Bayan sati biyu ya rufe gareji, ya roƙi wani direban shanu da ke komawa arewa ba kaya ya rage masa hanya. Tun ranar haɗarin bai ƙara bin hanyar ba. Ya yi niyyar ya nemi dangin mutum bakwai ɗin ya faɗa musu yadda abin ya kasance. Bai san ko don su ne ko don kansa ba.

Direban ya sauke shi a gindin gangaren da azahar. An faɗaɗa titi, kasuwar ta tashi, inda rumfuna suke a da yanzu gidan mai ne da wurin wankin babura. Ya tambayi masu wankin, a cikinsu ba wanda aka haifa lokacin haɗarin. Suka nuna masa wata tsohuwa mai sayar da doya a ƙarƙashin mangwaro. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Ya tsuguna a gabanta ya fara kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya. A na biyar ta ɗago kai, ta maimaita sunan da irin lafazin da ya kamata, ba yadda magatakarda ya karanta shi ba. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna tsawon yarinya da tafin hannu, daidai ƙugu. Kimba ya gane 'yarta ce.

Kimba ya waiga neman mai fassara. Masu wankin sun koma aikinsu, injin feshin ruwa na ƙara. Tsohuwar tana kallonsa tana jira. Ya yi mata bayanin duka da Hausa, tun daga tashar Kara, da waldar, da kwabon. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama, ta daɗe tana dubansa, sa'annan ta jawo wani ɗan benci daga bayan tulin doyar ta tura masa cikin inuwa. Ya zauna. Motar da za ta koma Lomé ba ta zo ba sai wajen ƙarfe biyar.